Ɗan Autan Yatsa

Barira ta aiko shi daga Yamai,
naɗe cikin tsohon zane, a hannun yaron mota,
da saƙo: "Baba, kar ka ajiye shi kusa da ruwan jiƙon fata."
Na ɗaga. Bai kai nauyin fatar akuya ɗaya ba.
Baƙi wuluk, sumul kamar dutsen washi.
Na ga fuskata a ciki tun bai farka ba,
gemun ya fi yadda nake zato fari.

Tabilet, in ji Ɗanladi jikana.
Ni allo na ce,
allon da ba ya shan tawada, ba ya son wanki.

Ranar farko ya ƙi ni.
Na taɓa, shiru. Na danna, shiru.
Shekara arba'in ta basilla da zare
ta mai da kan yatsuna ƙaho,
gilashin bai san mutum ne ke sallama ba.
Ɗanladi ya shafa sau ɗaya, kamar mai korar ƙuda,
sai ga haske.
Na gwada duka biyar, ƙaramin kaɗai ya karɓa,
ɗan autan da bai taɓa riƙe wuƙa ba,
malalacin gida, yau shi ke da makulli.

Ƙananan ƙofofi a jere, kowace da launinta,
kamar rumfunan Kasuwar Dole ranar Alhamis.
Ɗaya tana faɗin zafin gobe:
arba'in da uku, ta ce. To, wa ya tambaye ki?
Mu da muka kwana tsakar gida muna juyi mun riga ki sani.
Ɗaya ta lissafi, ta kama ni da kuskuren jikka biyu
a bashin Alhaji Kyari, na rufe ta da sauri.
Ɗaya kuma in na yi magana sai ta rubuta;
na ce "alabe", ta zana abin da ko aljani bai karanta ba.
Da la'asar kuran ya ɗauke, ya suma a hannuna,
na rungume shi har shagon caji a Zango,
dala ashirin, kamar mai kai jinjiri wurin likita.

Daren Laraba yaron ya buɗe taswira.
Damagaram daga sama, yadda shaho ke ganinta:
duwatsun Birni kwance kamar tumaki sun ƙoshi,
hanyar Tanut a miƙe, ta Mirya ta ɗan karkata,
lungunmu siriri kamar ɗinkin bakin jaka.
Na ce, nemo gidanmu.
Ya ware yatsu biyu, ƙasa ta taso mana.

Ga shi. Ga katanga, ga rumfar aikina,
ga kuma kurnar nan,
kurnar da muka sare bara waccan don tana fasa bango,
tana tsaye, da inuwarta cif.
A gefen inuwar, wani ɗigo fari.

Ɗanladi ya ce buhu ne, ko tunkiya.
Ni na san inda Yagana ke zama da hantsi
tana tsince tsakuwa daga gero, da farin mayafinta.
Na ce, ƙara. Ya ƙara.
Na ce, ƙara.
Ɗigon ya narke kamar gishiri a ruwa.
Allon ya ce iyakarsa ke nan,
ban yi masa gardama ba.

An ce sukan sake hoton, ba wanda ya san ranar.
Wata safiya zan duba in tarar da fili.
Shi ya sa bayan asuba, kafin in jiƙa fata,
nakan aiki ɗan auta ya leƙo mini.

Jiya na yanka masa riga,
jar fatar akuya mai kore a baki,
na bar masa kafar caji,
na yi masa ɗinkin da ba na yi wa 'yan sari.
Barira ta kira, fuskarta ta cika allon,
tana motsi, tana tsayawa, baki buɗe, tana ci gaba,
ta ce, "Baba, ka iya shi?"
Na ce, "Muna dai gaisawa."