Tafin Hannu a Kan Tsibi

Tun la'asar nake sauke manhajar nan
a shagona na bakin tasha, nan Jega.
Data ta lashe cinikin yini,
janareto ya yi tari, ya ɗauke, ya dawo.

Kulu ta asibiti na tsaye a kaina:
"Haliru, ai ta sauka.
Ɗora mini in wuce,
masu awo sammako suke yi."

Na ce, dakata.
Masu ita sun ajiye lambar shaida,
baƙi sittin da huɗu,
sun yi jerin gwano.
Na sa kwamfuta ta lissafo tata,
na ɗora yatsa ina bi.

Tun baƙin farko suka raba hanya.
Suna ɗaya, nauyi kusan ɗaya,
amma wani abu ya taɓa ta a tafe.
Ɓarawo ne ko tsinkewar waya,
lambar ba ta faɗa.
Ƙwaya ɗaya in ta goce
duk jerin ke sauya kama.

Babana in an sheƙe shinkafa a fadama
yakan danna tafinsa bisa tsibi
kafin ya tafi gida.
Da asuba ba ya neman mudu,
hannun nan kawai yake dubawa.

Na goge. Na sake daga farko.
Kulu ta yi tsaki, ta tuɓe takalmi,
ta zauna kan benci tana ɓare gyaɗa.

Bayan isha'i na bi su ɗaya-ɗaya,
sittin da huɗu,
ba wanda ya musa wa ɗan'uwansa.