Haruffa Ɗari Biyu da Sittin

Ƙarfe shida da kwata a Huddersfield.
Yayyafi na bin tagar ofishin masu awon filaye,
kowa ya kama gabansa,
saura ni da shayin da ya huce
da jan rubutun nan a allo:
ajiyar daren jiya ba ta kammala ba.

Dare na huɗu ke nan.
Na taɓa wayoyi, lafiya ƙalau.
Na leƙa rumbu, ko rabi bai yi ba.
Na kashe na kunna, dabarar marar dabara.
Na zargi manhaja, na zargi wanda ya sayo ta,
har Gareth na zarga, da ya bar aikin tun bara.
Ashe mai laifin na zaune a layi na dubu uku
cikin rahoton na'ura, ya harɗe ƙafa:
hanyar fayil ta yi tsawo.

Ɗari biyu da sittin, in ji na'ura,
iyakar haruffan da nake ɗauka ke nan.
Wanda ya wuce haka, ban san shi ba,
ban san gidansu ba.

Sai na bi sawu.
Jakar Misis Ackroyd ce, mai shekara talatin a teburin kusurwa.
Ayyuka.
Cikinta, Ayyukan da aka gama.
Cikinta, Waɗanda aka gama amma ba a biya ba.
Holmfirth.
Gonar da ke bayan tsohuwar masaƙa.
Rigimar katangar dutse.
Sabo. Sabo na gaske. Na ƙarshe.
Ran Litinin ta ƙara ɗaya:
Na ƙarshe, kada a taɓa.
Jaka cikin jaka, kamar ƙoren da aka kife cikin ƙwarya,
na yi ta buɗewa har yatsana ya gaji.

A can ƙasa, hoto ɗaya tak.
Taswira ce da fensir, takardar ta yi ja,
an ja katanga, an sa alamar rijiya,
a gefe sa hannun wani Ackroyd,
da irin rubutun mutanen da suka riga mu.

Na ƙirga da bakin biro a jikin allo.
Ɗari biyu da saba'in da uku.

Na san wannan ciwon.
Shekarar da na zo, a banki aka miƙo min takarda
mai 'yan akwatuna, harafi ɗaya akwati ɗaya.
Sagiru Ɗan'azumi Mamman Na'allah Ƙaura.
Akwatuna suka ƙare a tsakiyar kakana.
Yarinyar ta yi murmushi, ta ce a rage.
Na fito da kati: S. Kaura.
Ko lanƙwasar kan ƙa ba su bar min ba.

To yau wuƙar na hannuna.
In yanke Waɗanda aka gama amma ba a biya ba,
in mai da shi Bashi, magana ta ƙare,
in kama bas ɗin bakwai saura.
Na ɗora hannu a linzami. Na ɗauke.

Maimakon haka na yi wa hanyar laƙabi.
Na tsaya a Holmfirth, rabin tafiya,
na ce daga yau sunanki Z,
na nuna wa manhaja ta faro daga nan,
yadda ake kiran dattijo Baba
ba tare da an goge sunansa na yanka ba.

Na sake tayar da ajiya.
Layin ya yi ta jan ciki, kashi arba'in, kashi tamanin,
ya tsaya a casa'in da takwas har na yi salati,
sannan ya zama kore.

Ban yarda ba tukuna.
Ba a fafe gora ranar tafiya.
Na ciro taswirar daga rumbu, na buɗe,
katanga na nan, rijiya na nan.

Na manna mata 'yar takarda a gefen allo:
An gyara. Ban taɓa ba.
Don Allah kada ki ƙara wata jakar.

Bas ya tafi. Na ja hular kwat, na taka.