Makullin Gidan Burodi

Shekara tara Ximena tana Valparaíso,
ga teku shimfiɗe a ƙarƙashin tagarta,
ba ta taɓa tsayawa ta ga rana ta faɗa cikinsa ba.
Ƙarfe uku na dare tana kan kwaɓi,
hantsi tana kan ciniki,
da yamma lissafi, da dare lissafin lissafi.

Tanda ɗaya ta zama uku.
Mu ma'aikata muka zama bakwai,
amma hannu biyu ke aiki, goma sha huɗu na kallo.
In na auna gishiri, sai ta sake aunawa.
In Baltazar ya ɗaure kwali, sai ta kwance ta ɗaure.
Ta ɗauke mu aiki ta hana mu aikin,
kamar wanda ya sayi laima
ya rungume ta a ƙirji, ruwa na dukansa.

Wata Laraba ta kama matakalar unguwa
da kwandon burodi a kafaɗa.
Hawa ɗari da goma sha biyu ne, na sha ƙirgawa.
A na sittin ta zauna.
Ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi,
ta dubi kwandon, ta rasa gidan wa za shi.
Burodi ya huce a cinyarta,
karnukan layi suka kewaye ta cikin ladabi.

Likita bai rubuta ƙwaya ko ɗaya ba.
Ya ce jiki mai ba da bashi ne, ba ya yawan magana,
amma ran da ya zo karɓa, ba ya jin magiya.

Ran Asabar ta ce, "Rayén, riƙe."
Makulli ne mai jan zare.
Baki ya ba ni, yatsu suka ƙi saki,
na ja, ta ja,
har dariya ta kwace mata, ta sake.

Ta tafi kudu, tsibirin da yayarta take, kwana goma.
Ranar farko ta kira sau goma sha ɗaya.
Ta biyu, sau huɗu.
Ta biyar muka ƙone burodi arba'in,
muka kankare, muka kai wa masunta, muka yi gum.
A nan Baltazar ya gano
tandar tsakiya ta fi zafi ta hagu,
abin da mai ita ta sani shekara uku
ba ta sami sukunin faɗa wa kowa ba.

Rana ta shida waya ta yi shiru.
Tsoro ya kama ni, ni na kira.
Yayarta ta ce, "Barci take.
Ruwa ake tun jiya, ta ci abinci sau biyu,
ɗazu na ji tana yi wa kaji hira."

Da ta dawo, ta gutsuri na safe,
ta daɗe tana taunawa, mu bakwai ba mai numfashi.
"Gishiri ya ɗan gaza," in ji ta.
Sannan ta cinye sauran, har ɓurɓushi.
Na miƙa makulli.
Ta sa hannuwa a aljihu, ta dubi rufi.

Yanzu Litinin da Alhamis ba ta zuwa.
Tanda ta huɗu na hanya.
An ce ana ganin ta da yamma a bakin ruwa,
ba kwando, ba littafi, tana kallon jirage.

Jiya sabuwar yarinya ta auna gishiri.
Sai ga hannuna ya nufi ma'auni da kansa,
ban aike shi ba.
Na kamo shi a hanya,
na tura shi aljihu, wajen makulli.