Ɗigo Tara

A garejin Fumie, bayan tashar Sakai,
ruwa na dukan rufin kwano tun la'asar.
Ryosei ya shigo da farar motarsa,
sabon turbo a ƙirjinta, ƙato,
ya cinye masa albashin wata huɗu.

"Ɗaya da rabi nake so," in ji shi.
Ba ta ɗago kai ba. Ta kwance filogi na uku,
ta kara shi da fitila:
fari fat, kamar ƙashin kifi.
"Ka ga wannan? Ƙishirwa ce.

Ka ƙara wa injin huhu,
ka bar masa maƙogwaron haihuwa.
Famfon mai na kamfani ne, shekara sha tara,
nozul huɗu sun wage baki har iyaka,
ba su da abin ƙarawa.
In iska ta yi yawa, fetur ya gaza,
wuta ba ta haƙuri,
fistin za ta ci."

Ta ɗaure motar a kan na'ura.
Allura ta hau: ɗigo bakwai, takwas, tara.
Tana taɓa ɗaya, can ƙasa
wani ƙas-ƙas, tsakuwa a gwangwani.
Ta ɗage ƙafa.

"Tara. Nan za ka tsaya."

Ya ɓata rai. Ta jawo aljihun tebur,
ta miƙa masa wani fistin mai huda a ka.
"Na ƙanena ne. Ɗaya da rabi. Dare ɗaya."

Ya zura yatsa, yatsa ya wuce.
Ruwa bai tsagaita ba.
Can ya ce, "Nawa ne famfon?"