Tsamin Jiya

Ƙarfe uku na dare a Aboabo,
Inna Adiza ta tashi tana tace gasara,
ni ko ban kwanta ba.
Fitilarta a tsakar gida, tawa a kan cinya.

Sau shida ina gina gida ɗaya tun daga ƙasa:
shafin mai takalma a Kejetia,
na makarantar Malam Issaka,
na wani kanti a Adum da har yau bai cika min kuɗina ba.
Kullum daga fayil fari fat nake farowa,
in sake jera folda,
in sake manta abin da na manta bara.

Yau na ce a'a.
Ƙwarangwal ɗaya zan kafa, in ajiye.

Ga ɗakin hotuna, ba hoto ko ɗaya.
Ga mazaunin launi, na bar shi toka-toka.
Maɓalli guda, ba a raɗa masa suna ba,
yana jiran a ce masa "Saya" ko "Aika".
Na gwada shi a wayar Salifu mai tsagaggen gilashi,
don mutanenmu ba ta babban allo suke shigowa ba,
kuma data ba ruwan famfo ba ce.

Sai ja ya cika allo.
Waƙafi ɗaya, a layi na arba'in da biyu,
ya cinye min rabin awa.
Wuta ta ɗauke. Batir ya ce saura goma sha tara.

Na leƙa waje. Inna na ɗiban ludayi guda
daga kullun yau, ta juye a 'yar roba, ta rufe.
Na ce, wannan fa?
Ta ce, na gobe. In ba tsamin jiya,
koko lami zai fito, ba mai bin layi dominsa.

Na koma na bar wasiƙa a bakin folda
ga mai zuwa bayana, ko Akosua, ko ni in na manta:
buga wannan, jira, buga wancan.
Fayil na uku kada a taɓa,
ni ma ban san me ya sa yake aiki ba.

Na danna. Shafi ya buɗe,
kalma ɗaya a tsakiya: Sannu.
Ladan ya gyara murya a masallacin kwana.
Inna ta miƙo kofin koko ta taga, da ƙosai biyu,
ta dubi allon: duk daren nan, shi ke nan?
Na ce, shi ke nan.
Ta ce, to rufe shi da kyau, kada ƙuda ya faɗa.