Usur Biyu

Ƙarfe uku na dare a Gangare,
sanyin Jos ya sulalo ta ƙarƙashin ƙofa.
Na ƙara gawayi a kasko,
na kunna maganin sauro, na rufe taga gam.
Ni a ganina gata nake yi mata.

Sai ga usur a ƙirjin Zuwaira,
siriri, kamar buta ta kusa tafasa.
Ramin wuyanta na lotsawa,
kalma ɗaya ta iya fitarwa:
Baba.
Sauran ta maƙale a hanya.

Na san wannan sautin.
Shekara da shekaru ina ɓoye nawa
a bayan ƙugin Keke Napep.
In ya taso in ce mura ce,
in tsaya a Farin Gada, kai bisa sitiyari,
har ya ga dama ya sake ni.

Malama Kangyang ba ta tambayi kati ba.
A kan bencin asibitin unguwa
ta ɗauko gorar ruwa da aka shanye,
ta huda gindin, ta girgiza abin shaƙa,
ta cusa bakinsa, ta danna sau ɗaya.
"Ja a hankali, 'yata. Mu ƙirga."
Suka kai biyar. Ta sake dannawa.
Ban san sau nawa ba,
na dai ga kafaɗun yarinya sun sauko.

"Shuɗin nan bokitin ruwa ne ranar gobara.
Mai ruwan ƙasa kuwa gyaran rufi ne,
kullum, safe da yamma, ko sama ba hadari,
ta kurkure baki in ta gama.
Kasko ya kwana a waje.
In shuɗin ya ƙi ci, ko magana ta gagara,
kada ku jira kiran salla."

Na ce ai an ce wanda ya fara shaƙa
shi da ita har kabari.
Ta ce, "Wanda ya saba da takalmi,
ƙaya ce ta koya masa."

Sai ta yi shiru, ta karkata kunne.
"Yarinya ta lafa.
To wa ke busa usur a ɗakin nan?"
Na dubi bango, na dubi kalanda.
Ƙarfen awonta ya sauka a bayana,
sanyi ƙalau, kamar gaskiya.

Yanzu gora biyu ce a bakin taga,
tata da zanen fure, tawa ba komai.
Ita ke ƙirga mini,
in na yi gaggawa ta ce, "Baba, sake."
Ran Talatar ƙarshen wata mu koma,
ita da littafinta na dararen da ta yi tari.
Wannan watan layi biyu ne kacal.

Na sayo bargo a Taminus.
Jiya na farka ƙarfe uku don sabo,
na kasa kunne.
Kare ne kawai ke haushi can wajen Dilimi.