Tsibirin Ƙofar Marusa

Sada, hoton da ka aiko ya iso.
Na gan ka a bakin teku, baƙin gilashi a ido,
gabanka farin faranti mai faɗin faifai,
a tsakiyarsa ƙwai ɗaya tal, kamar maraya,
da yankan gwanda uku an jera, sai ka ce za a raba gado.
Ka rubuta: Kawu, a tsibirin nan
sai hantsi ya dubi ludayi ake karyawa,
kalaci da na rana a zama guda.
To, madalla. Amma ka ƙoshi?

Bari in tuna maka gida.

Kafin liman ya shafa addu'ar asuba
Tasalla ta ɗora tanda a Rafindadi.
Wainarta baki ƙayau, ciki auduga,
man shanu na iyo a kan miyar taushe.
Ba ta san bashi ba.
In ka yi ƙorafi ta ƙara maka ɗaya,
ta haɗa da harara.

Koko kuwa sai na Atine a Kerau,
mai citta da kanumfari, tsaminsa daidai wa daida.
Bakwai da rabi ta kife ƙwarya.
Mai barcin safe, labari zai sha.

Amma kai tsibiri kake so, ko?
Muna da namu.

Bari marka ta kankama.
In an kwana ana ruwa, can bayan Ƙofar Marusa,
kwata ta cika ta batse, hanya ta koma gulbi,
tudun Ɗan'iya mai shayi kaɗai ke tsira:
taku goma sha biyu, tebur, benci biyu,
da tsohon bedi mai ɗiga a wuyan riga.
Ba kwalekwale. Bulo shida ya jera.
Ka naɗe wando, takalmi a hannu,
ka yi bisimilla.
Bulo na huɗu yana rawa. Kowa ya sani
ban da baƙo.
Bara ya kayar da wani mai karɓar kuɗin wuta,
har yau ba wanda ya yarda a gyara shi.

Tekunmu jar ƙasa ce, kifinsa leda,
agwagin Malam Zailani ne jiragen ruwa,
kwaɗi na kiɗa ba a biya su ba.
Ɗan'iya ya ɗaga kofi sama da kansa,
shayi ya sauko kamar igiya mai tururi,
ko ɗigo bai faɗi ba.
Ƙwai biyu, albasa, attaruhu,
burodi ya sha kasko har ya yi ja.

Kuma ba mai tashi sai ruwa ya janye.
Tela na nan, direban Jibiya na nan,
malamar asibiti ta cire agogo ta sa a jaka.
A yi musun farashin taki, a yi na ƙwallo,
a sake ɗora tukunya.
Can da walaha sai ga ɗanwake daga gidan Hassu,
an miƙo shi bulo bulo, hannu zuwa hannu,
har da yajinsa.
Ka ga, mu ma muna haɗa kalaci da na rana,
ba mu biya kuɗin jirgi ba.

Ƙarshen benci, ta gindin bedi,
nan mahaifinka ke zama, Allah Ya ji ƙansa,
yana tsoma maka burodi a shayi,
ƙafafunka ba sa kai ƙasa.
Jiya Ɗan'iya ya tambaye ni:
yaron nan, har yanzu madara da yawa, sukari kaɗan?
Na ce zan tambaya.

To, na tambaya.

Ci ƙwanka kafin ya huce.
In za ka zo, ka zo da damina.
Ka tuna dai: na huɗu.